Waƙar Telan Mai'adua

Abubuwa da yawa na aikin yaƙi da jahilci sun shige mini, amma ban manta da ranar da Gwoggo Tabawa ta kasa ƙarasa karatu a ajinmu na Zango ba. Ku da kuka shigo aikin yanzu kuna yawan tambayata abin da ya riƙe ni har na yi ritaya, alhali kullum cikin mita nake. To ku gyara zama, don ba ni da ƙarfin maimaitawa.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. Ni ce mai duba azuzuwan mata a shiyyar Daura, wato in zagaya ƙauyuka in ga ko malamai suna zuwa, ko ɗalibai suna gane wani abu. A samana akwai shugaban sashe, Alhaji Lawal, mutumin kirki amma matsoraci, ko tari zai yi sai ya duba wa ke kusa. Shari'ar ta yi mana rana ta wani wajen. Da aka haɗa ajin boko da karatun addini, mazan da suka hana matansu fita suka sake su. Azuzuwa suka cika maƙil, littattafai kuwa babu. Sai ki ga mata sun taru a kan littafi ɗaya kamar kwanon tuwo.

Da na gaji da rubuta koke, sai na ɓullo da dabara. Duk abin da ɗalibai suka rubuta, na ajin maza da na mata, labari ne ko waƙa, malamai su tattaro mini. In zaɓa, a buga a tafireta, a gurza a wani tsohon inji da muke da shi a ofis, a raba wa azuzuwa a yi karatu da shi. Ƙa'ida ita ce kowace takarda sai Alhaji Lawal ya gani, sannan wani malami daga kwamitin shari'a ya duba, kada a sami batsa ko zancen soyayya.

A irin wannan tattarawa ne aka kawo waƙar wani tela daga ajin maza na Mai'adua. Waƙa ce gurguwa, wani ɗango ya yi tsawo, wani ya gajarta. Farkonta na riƙe:

Inna ta rasu ba ta kira ni ba,
Ko sau ɗaya ban ji sunana ba,
Ƙannena ana kiransu ina ji,
Ni dai "kai yaro" ban wuce ba.

Ku 'yan zamani da kuke goya 'ya'yanku na fari a gaban surukai kuna yi musu wasa, ba za ku gane nauyin abin ba. A wurin iyayenmu, ɗan fari ɗan kunya ne. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta jansa a jiki, ko faɗuwa ya yi a gabanta sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Wadda ta riƙe haka har tsufa, ita ake cewa mai kara.

Alhaji Lawal ya ce a cire. Wai waƙar ba ta da kari, kuma ƙorafi ne a kan iyaye, kada a ce muna zuga yara. Na ce, ranka ya daɗe, shafi ɗaya ya rage fari fat, ba ni da abin cikewa. Malamin kwamiti ya karanta ya ce shi bai ga haram a ciki ba. Haka ta wuce. Ni ma ba don ta burge ni na sa ta ba, cike gurbi kawai na yi.

Ranar da na je Zango duba aji, bayan girbi ne, na isa a gajiye, motar haya ta gama jijjiga ni. Ajin a cikin gidan mai unguwa yake, ƙarƙashin rumfar kara. Malamarsu, Malama Hinde, tana sa su karatu bi da bi. Aka zo kan Gwoggo Tabawa, wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Ita ce babba a ajin, ita ce kuma ta baya a karatu, amma bakinta ya fi na kowa kaifi. Da yatsa take bin baƙi, gaɓa gaɓa, tana yi tana zagin wanda ya ƙirƙiro boko.

Ta ja layin farko na waƙar telan da ƙyar, ana ta dariya. Ta shiga na biyu. Da ta kai ƙarshensa sai yatsan ya tsaya. Malama Hinde ta ɗauka kalma ce ta gagare ta, ta faɗa mata. Gwoggo ta ajiye takardar a kan tabarma, ta ja hijabinta ta fita.

Kafin in ankara aji ya watse a zaune. Wata ta fashe da kuka, wai ita ma 'yar fari ce, har aka kai ta ɗakin miji uwarta ba ta dube ta ba. Wata ta ce ta tuna wanta. Wata kuma ta ce telan nan ba shi da kunya, tana faɗa tana share ido. Ni haushi ne ya kama ni, wallahi, don na san labari zai kai Daura, Alhaji Lawal ya ce dama ya faɗa.

Malama Hinde ce ta ja ni gefe. Ta ce ɗan Gwoggo na fari, direban motar haya ne, yana kwance a asibiti a Daura, ciwon hanta, ciki ya kumbura, likitoci sun ce sai addu'a. Tun da aka kwantar da shi ba ta taka asibitin ba. Kullum za ta dama kunu ta ba ƙanwarsa ta kai, in ta dawo ko "yaya jikin" ba ta tambaya, sai dai ta kasa kunne in ana ba wasu labari.

Na same ta a bayan rumbu, zaune a kan turmi. Ta tambaye ni wane munafuki ne ya kai wa telan nan labarin gidanta. Na ce bai san ta ba, labarin kansa ya rubuta. Sai ta ce:

"'Yar nan, ashe suna jin ciwon abin? Ni na zaci girma nake ba shi."

Ta ce haka uwarta ta yi wa yayanta, haka kakarta ta yi, ita ba ta san wata hanya ba, kuma yanzu bakin ya riga ya ƙage, ko ta so ba zai fito ba. Can sai ta ce in koya mata rubuta wani suna. Na ce wanne? Ta sunkuyar da kai ta ce, sunan Annabin nan da kifi ya haɗiye.

Na rubuta mata Yunusa a bayan takardar waƙar. Ta yi ta kwaikwaya tana gogewa har aka kira la'asar. Ni da na zo in duba aji in juya, ranar a Zango na kwana.

Da safe muka shigo Daura. Na biya ofis in roƙi mota, Alhaji Lawal ya ce babu mai, kuma kai mutane dubiya ba ya cikin aikinmu. Gaskiyarsa ce. A ƙasa muka ƙarasa, tsohuwa tana gaba ina binta.

A ƙofar ɗakin majinyata ta toge, sai da na tura ta. Yunusa babban mutum ne, har da furfura a gemu, ciwo ya cinye shi. Da ya gan ta ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Ba ta dube shi ba. Ta tsaya a gefen gado tana kallon bango, ta miƙa masa takardar a ninke. Ya yi firamare, ya iya karatu. Ya buɗe ya ga sunansa da wani rubutu karkatacce, kamar kaza ta bi ta kan rairayi.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni."

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya miƙa mata ya ce, "Inna, idona ba ya gani sosai. Karanta mini."

Ni na san yana gani, ita ma ta sani. Ta karɓa, ta ɗora yatsa a kan baƙin farko, yadda take yi a aji.

"Yu... nu... sa."

"Na'am, Inna."

Nan na fita waje na bar su.

Bai kai azumi ba ya rasu. Gwoggo Tabawa ta dawo aji bayan zaman makoki, ta ci gaba da zagin boko, ba ta ƙara tada zancen ba, ni ma ban tada ba. Alhaji Lawal ya kafa doka, daga ranar ba a ƙara gurza waƙar da za ta sa aji kuka, a tsaya kan tsafta da noman gyaɗa. Daga baya ma injin ya mutu, ba a gyara ba. Na nemi telan in gaya masa abin da waƙarsa ta yi, aka ce ya tsallaka Nijar da keken ɗinkinsa.

Aikin nan ya cinye mini ƙafa da ido, kuma yawancin abin da muka shuka ban ga tsironsa ba. Abin da na koya dai shi ne, mutanenmu suna ɗauke da maganganun da ba su da bakin faɗa, sai wani ya rubuta nasa sannan su ga nasu. Don haka in ɗalibi ya kawo muku rubutu, komai gurguntakarsa, ku karanta har ƙarshe kafin ku jefar. Ni waƙar da na sa don cike shafi ita ce ta sa wani bawan Allah ya amsa kiran uwarsa kafin ya mutu.