Shekarar da Rana Ta Yi wa Belmiro Yawa

Belmiro mutumin ƙauyenmu ne, a kwarin kogin Douro, inda gona ke tsaye kamar bango, manomi kuma sai ya koyi tafiyar akuya. Da mahaifinsu ya rasu, shi ya gaji gangaren da ke kallon rana. Yayarsa Zulmira ta tashi da na tsallaken kogi, mai inuwa.

Gonarsa ta inabi ɓaraguzan dutse ce zalla. Dutsen ya yini yana shan zafi, rana ta faɗi ya ci gaba da ɗumama inabin daga ƙasa. Saiwa kuwa sai ta tsaga dutse ta nutsa kafin ta ga danshi. Shi ya sa jar giyarsa ke fitowa da kauri da ƙamshi. Ta Zulmira kuwa, saboda inuwa, tsami gare ta. Shekara talatin yana tsokanarta: "Yaya, sam mini ruwan tsamin nan naki in wanke tukunya."

Bara rana ta ƙi sassauci. Belmiro kuma, kamar yadda ya gada, ya zage ganyen don inabi ya sha haske. Ya sha har ya yamushe kamar zabibi. In aka matse shi kaɗai, zaƙi zai yi yawa, giyar ta fito da nauyi ba armashi, wahalar shekara ta tafi a banza. Maganinta inabi mai ɗan tsami, kuma kowa ya san inda yake.

Kwana biyu yana kewaya gida kafin ya haye gada.

"Yaya, na zo duba lafiyarki."

"Da kwando goma sha biyu? Lallai jikin nawa ya yi tsanani."

"Jaki ne ya ƙi tafiya ba kaya."

"Auta, girbi ba ya jiran mai kunya. Hau ka tsinka. Amma kai za ka sauko da su a kafaɗa, ina zaune ina kallo."

Ya sauko da su, gwiwa na ƙara. Aka tattake inabin biyu tare, giyar ta tsira.

Da sanyi ya shigo na same shi a bayan tudunsa, inda rana ba ta leƙawa sai hantsi, yana fasa dutse da diga. Shekarunsa sittin da takwas, kuma inabin da zai dasa a inuwar nan sai ya shekara biyar kafin ya ba da na kirki.

"Kawu Belmiro, me ake yi?"

"Motsa jini," ya ce. "Kada ka gaya mata."