Ranar da Na Shayar da Mota Kunu

Shekarun baya, tun ba a gama shimfiɗa dogo zuwa Gusau ba, ina ƙira a ƙofar gidanmu a Bungudu. Fartanya da lauje na sani, mota kuwa sai dai kallo.

Abokina yana tuƙa wa wani attajirin Gusau motar ɗaukar auduga. Wata rana, dab da garinmu, lagireto ya fashe, wato ma'ajin ruwan da ke sanyaya inji. Sai da aka kwana biyu kafin sabo ya iso a kan jaki ta hanyar Tsafe. Attajirin ya so a jira bakanike daga Zariya, abokina ya dage cewa yana da maƙerin da zai iya. Aka ce masa to, amma in motar ta lalace, a bakin aikinsa. Ga shi da iyali.

Muka turo motar har ƙofar gidanmu. Na kwance tsohon a hankali, na ɗaura sabon, komai ya zauna daram. Nan fa kaina ya kumbura. Sai na tuna a gidanmu ba a girki da sabuwar tukunya sai an dafe ta da kunu, don kada ta yi yoyo. Abokina na tafiya sallar azahar, na karɓo kunu wajen matata, na tsinka, na ɗura a sabon lagireton.

Da ya dawo muka tayar da motar. Ko bakin kasuwa ba mu kai ba, tururi ya turnuƙe, ƙaurin ƙanzo ya cika hanya.

"Mi kaz zuba mata?" in ji shi.

Na gaya masa. Bai zage ni ba, zama ya yi a ƙasa ya dafe kai. Wallahi da marina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Matata ce ta fitar da ni. Ta ce tukunyar da ta yi ƙanzo, ruwan toka mai zafi ne maganinta. Kwana biyu muna ɗurawa muna zubarwa, tana tace toka tana yi mini dariya. Ran na uku ruwa ya fito garau, motar ta kai audugarta Gusau lafiya.

Tun daga nan, abin da ban sani ba nakan tambaya kafin in taɓa. Daga baya direbobi suka riƙa tsayawa a maƙerata, duk su ce abokin nan nawa ne ya turo su. Har ya koma ga Allah, bai taɓa gaya wa kowa zancen kunun nan ba.