Duwatsun da Na Liƙa da Ƙaro

'Yan bindiga sun ɗauke ni tare da wasu matafiya a hanyar Damari, da jakar aikina a kafaɗa. Kwana tara na yi a dajin.

Aikina sa duwatsun ado a jikin kaya. Ban yi makaranta ba. Injin da nake aiki da shi na wata mata ne 'yar kudancin Kaduna, a shagonta cikin Birnin Gwari. Ita ke zana fure ko tauraro a kwamfuta, injin ya huda kwali rami-rami daidai girman dutse. Ni kuma in share duwatsun su faɗa ramukan, in ɗauke su da leda mai danƙo, in danne a yadi da ƙarfe mai zafi. Kowane dutse da gam ɗinsa a ƙasa. Sau ɗaya yake kamawa.

Kacallansu, wato babbansu, ya zazzage jakata. Ya ga mayafi biyu da zan kai wa masu su, da wani kwali mai tauraro. Ya ɗaga kwalin yana leƙen rana ta ramukan.

"Kai ka huda wannan?"

"Inji ne, ranka ya daɗe."

"To yau kai ne injin." Ya cire rigarsa ta sama ya jefo mini. "Sa mini tauraron nan a bayanta. Dutse ɗaya ya faɗi, sai in huda ka kamar kwalin nan."

Yaransa suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ba ni da sababbin duwatsu. Na gasa wuƙa a garwashi, na ɓamɓare na jikin mayafan ɗaya bayan ɗaya. Gam ɗinsu ya riga ya mutu. Na sani, ban faɗa ba. Na tsinko ƙaro a jikin bishiya, na jiƙa shi ya yi kauri, na shimfiɗa kwalin a bayan rigar, na riƙa ɗiga ƙaro a kowane rami da tsinke ina dasa dutse. Yini guda na yi.

Tauraron ya fito. Ya sa rigar yana juyi, ana yi masa kirari. Ya ce a ƙara mini tuwo.

Amma ƙaro ba ya jure ruwa, kuma damina ta kusa.

Daga ranar sauran da aka kama suna kallon bindigogi, ni ina kallon sama. In Kacalla ya yi gumi, sai in ƙura wa bayan rigarsa ido. In ya jingina da bishiya, sai in ƙirga duwatsun da ido bayan ya tashi. Da ya wuce nakan duba ƙasa. Rana ta shida na ga dutse ɗaya yana ƙyalli a turɓaya. Na taka shi, ban ɗaga ƙafa ba sai da na nutsar da shi.

Rana ta tara, da la'asar, hadari ya taso daga gabas. Kacalla ya fita a babur da rigar a jikinsa. Ruwa ya sauko da ƙarfi, masu gadi suka ruga ƙarƙashin tamfol. Na san ruwan zai narkar da ƙaron, ya dawo ba tauraro a bayansa. Ban yi shawara da kowa ba. Na faɗa cikin wani rafi da ke kusa, na bi shi.

Kwana biyu ina tafiya kafin wani manomi ya tsince ni wajen Kutemeshi.

Yanzu ina Zariya, a shagon wani. Har yau ina sa duwatsu. In hadari ya haɗu, nakan ajiye aiki in shiga ciki.