Kafaɗar Hagu ta Mama Dorothy

Mamata, Dorothy Zamani, ta fi shekara talatin tana sayar da doya a Shango, kuma ni ban taɓa ganin hawayenta ba. Mu Gbagyi ne, matanmu ba sa ɗora kaya a ka, sai a kafaɗa. Tun tana yarinya a gonar mahaifinta take ɗora ƙwarya a kafaɗar hagu, har wurin ya yi kanta kamar tafin ƙafa. In mai saye ya gaya mata baƙar magana, sai ta ɗauki doya tana kakkaɓe mata ƙasa. In Baba ya ɓata mata rai, ranar sakwara sai ta yi laushi, turmi ne zai ji jiki.

Shekara biyu ke nan da yayana Irimiya ya rasu a hatsarin keke napep. Matan zumunta na coci sun cika gida suna kuka, ita kuwa tana zagayawa tana tambayar wa bai ci abinci ba. Kwana huɗu ta koma rumfarta. Wallahi na ji haushinta. Na kwashe kayana na koma ɗakin ƙawata a Bosso kusa da makaranta, gaisuwa ma yawanci ta waya.

Bana wani malaminmu ya raba mana takardun tambayoyi, kowa ashirin, mu auna yadda mutane suka saba yi da ransu in ya ɓaci. Ya ce galibi kashi biyu ne, masu haɗiyewa da masu juya tunani har abin ya yi sauƙi. Kowace magana mutum zai ba ta lamba, ɗaya in sam ba halinsa ba ne, bakwai in shi ne sak. Na cika goma sha tara, na ajiye ta ƙarshe don Mama. So nake takarda ta gaya mini gaskiya: matar nan ta ji mutuwar ɗanta ko ba ta ji ba? In ba ta ji ba, ni da gida sai dai Kirsimeti.

Ranar Asabar da hantsi na same ta a rumfa, na zauna a kan benci na karanta mata ta farko.

"In raina ya ɓaci nakan ɓoye, kada kowa ya gani."

"In ɓoye a ina?" in ji Mama.

"A zuciya mana."

"To ai nan ne wurinsa. Ke Jennifer a ina kike ajiye naki?"

"Mama, lamba kawai za ki zaɓa."

"Sa huɗu."

"Me ya sa huɗu?"

"Ita ce a tsakiya, ba ta faɗa da kowa."

Kai! Na daure na karanta ta biyu, wadda ke cewa in ina baƙin ciki nakan canja yadda nake tunanin abin. Ta kalle ni kamar na zo sayen doya da kwando a huje.

"Abin da ya riga ya faru za a canja wa tunani? Sa huɗu."

Magana goma, huɗu goma. Na zuba wa takardar ido, kaina ya kulle. Ba ta cikin masu haɗiyewa, ba ta cikin masu juyawa, to ina zan sa ta? Ko ni ce ban iya tambaya ba? Ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Irimiya fa, Mama? Shi ma huɗu ne?"

Daidai nan Hajiya Rahmatu mai abinci ta ƙwala mata kira daga tsallaken titi, a kai mata doya. Mama ta jera manya shida a ƙwarya, ta durƙusa, ta ɗaga ta ɗora a kafaɗar dama. Wuyan rigarta ya zame, na ga tsumma a naɗe, ƙarƙashinsa fata ta saɓule ta yi ja.

"Haba Mama, dubi ciwo! Me ya hana ki ɗorawa a hagu yadda kika saba?"

Ta gyara zaman ƙwaryar, ba ta ko dube ni ba.

"A nan kan Irimiya yake, tun daga bakin titi har asibiti. Da muka tashi daga titin, da sauran ɗumi a jikinsa. Ba zan ɗora doya a wurin ba."

Ta kama hanya a karkace, tafiyar da na sha gani ina cewa tsufa ne. Na dubi biro, na dubi takarda, na rasa lambar da zan goge da wadda zan rubuta. Na bar su a kan benci na bi ta da gudu, na zare doya uku na ɗora a kaina, hawaye na zuba.

"Sauke daga kanki," in ji ta. "Ke ba Gbagyi ba ce?"

Na sauke su kan kafaɗata ta hagu, muka tsallaka titi tare. Ranar Litinin takarda goma sha tara na miƙa wa malam.