Rahaji Ta Yi Daraja Bayan Hamma Sa'idu Ya Tafi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana, Hamma Sa'idu, makwancinsa. Duk shekara idan wannan wata ya kama, nakan je gidansa da ke Kagarawal in tara iyalinsa mu yi masa addu'a, mu watse shiru. Ban taɓa tunanin rubuta komai a kansa a jarida ba. Bana ce ta zo da abin da ya tsaya mini a rai, na ga gara in fitar da shi ko na samu sauƙi: da daminar da ta wuce muka sayar da motarsa.

Mu 'ya'yan makiyaya ne, sai da tsufa ya kama mahaifinmu sannan ya yarda ya zauna a cikin Gombe. Ni na zama malamin makaranta, Hamma ya zama likitan dabbobi a aikin gwamnati. Da mahaifinmu ya rasu aka raba shanu, na bar nawa a hannun kawunmu a daji. Shi kuwa Hamma ya sayar da wani kaso na nasa, ya yi tafiyar mako biyu, ya dawo da wata jar mota ƙirar Japan 'yar Kwatano. Ƙofa biyu gare ta, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, fitilunta a ɓoye suke sai an kunna su ɗago kamar mai buɗe ido daga barci. Ko a lokacin tsohuwa ce. A wancan zamani duk ma'aikacin da Allah ya hore wa, mai ƙofa huɗu yake saya, wadda za ta ɗauki iyali da buhun masara. Irin wannan kuwa dillalai neman kai suke yi da ita, shi ya sa ya same ta da araha.

Mahaifiyarmu, Dada, ta fito ƙofar gida ta kewaye motar, ta leƙa kujerun baya da ko ɗan akuya ba zai sake a cikinsu ba. Ta ce, "Sa'idu, ka sayar da masu haihuwa ka sayo mai shan mai?" Ya yi dariya ya ce, "Dada, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Ya sa wa motar suna Rahaji, sunan jajayen shanun nan masu dogon ƙaho, wai launinsu ɗaya kuma dukkansu ba sa son zama wuri guda.

Hamma ba mai fariya ba ne, kuma ba shi da abokan yawo. Tuƙin kawai yake so. Ranar Asabar da safe yakan biyo mini unguwarmu ta Manawashi, mu kama hanyar Dadin Kowa ko ta Kumo, gilashi a sauke, hannunsa a kan giya. Ba ya kunna rediyo, wai ƙarar injin ta ishe shi hira. Idan aka kira shi ruga duba shanu, sai ya ajiye ta inda kwalta ta ƙare, ya saɓi jakar magani ya ƙarasa a ƙafa ko a bayan mashin. Makiyayan da ba su da abin biya sukan haɗo shi da man shanu ko ƙwaryar kindirmo, har motar ta riƙe wannan ƙanshi, wanki bai taɓa fitar da shi ba. Matarsa, Adda Bilkisu, takan ce a duk garin nan ba a taɓa ganin motar 'yan gayu mai warin ruga ba sai tasu.

Mutane sun sha cewa motar nan ce za ta kashe shi. Ko kaza bai taɓa bugewa da ita ba. Ciwon ƙoda ne ya zo masa a hankali, ƙafa ta fara kumbura, fuska ta biyo baya, har likitoci suka ce sai an riƙa yi masa wankin ƙoda. Wanda bai taɓa jinyar irin wannan ciwo ba, ba zai gane yadda yake cinye gida ba. Sauran shanunsa suka tafi, nawa suka bi su, sannan filinsa na Tumfure, wanda a lokacin gonaki ne kewaye da shi. Wata rana da muka dawo daga asibiti ya miƙo mini makullin ya ce, "Umaru, kai Rahaji wurin dillalai. Mota ba ta fi rai ba."

Na zaga da ita wuraren dillalan motoci na garin nan kaf. Wani ya ce wa zai sayi motar da ba ta hawa tudun rage gudu sai ta karce ciki. Wani ya ce ba a samun kayan gyaranta. Wanda ya fi tausaya mini ya taya ta kuɗin da bai kai na sabon mashin ba, ya ce shi ma don injin zai saya, gangar jikin ya kai wa 'yan gwangwan. Na kawo wa Hamma labari. Ya ce a bar ta, abin da za a samu ba zai kai mu ƙarshen wata ba, gara yaro ya tashi ya ga abin da ubansa ya so. Daga nan muka fara tsallake ranakun wanki, mako mai biyu ya koma mai ɗaya. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba. Kafin kaka ta shigo, Allah ya karɓi abinsa.

Da aka zo rabon gado, babu wanda ya ɗaga ido ya dubi motar. Aka yi mata ƙima kaɗan, ta faɗa rabon ɗansa Nafi'u, wanda a lokacin yake aji huɗu a sakandare. Muka tura ta ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gida, aka lulluɓe ta da tamfol. Bulus, makanikin Hamma, mutumin ƙasar Tangale, yakan zo lokaci-lokaci ya tayar da injin don kada ya kama, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Ban da shi, kaji ne kawai ke kula ta, su ma don inuwa.

Da Nafi'u ya gama jami'a ya dawo gida babu aiki, sai ya yaye tamfol ɗin. Ya karɓi Keke Napep na haya yana jigila tsakanin Tumfure da cikin gari, abin da ya rage bayan ya ba mai Keken nasa ya kai wa mahaifiyarsa cefane, sai ya zuba wa Rahaji. A nan na ga yadda zamani ya juya. Hamma da albashinsa na ƙaramin ma'aikaci yake riƙe ta, ya cika tanki, mu je mu dawo, bai taɓa kuka ba. Ɗansa kuwa sai ya wuni a rana kafin ya sami man da zai kai ta bayan gari. Tayoyinta masu faɗi babu su a Gombe. Duk robar da ke jikinta ta bushe, a gyara nan can ya ɓalle. Abin da a da Bulus zai aika Kano ko Jos a samo a wurin masu tsofaffin kaya, yanzu sai daga ƙasar waje, da dala, a jira wata da watanni, wani lokaci ya iso a ga ba shi ba ne. Duk da haka yaron ya tashe ta. Ranar da ya fara fitowa da ita layi, tsofaffin unguwa suka miƙe daga kan benci, wani ya ce, "Allah ya jiƙan Dakta."

Wani abokinsa ya ɗauki bidiyonta a waya ya sa a intanet. Cikin 'yan kwanaki wayar Nafi'u ta hana shi sakat. Daga Abuja ake kira, daga Legas ake kira. Shi ya bayyana mini dalili: wai yaran da suka tashi suna ganin irin waɗannan motoci a fina-finai da wasannin kwamfuta a duniya, yanzu sun girma sun yi kuɗi, masana'antun kuma sun daɗe da daina ƙera su, waɗanda suka rage ba a taɓa injinsu ba 'yan kaɗan ne. Tayin farko da ya faɗa mini, na ɗauka 'yan damfara ne. Na biyu ya fi na farko. Motar da aka ƙi saya a kuɗin mashin, yau ana taya ta kuɗin gida.

Nakan tambayi kaina me Hamma zai ce da ya ga wannan. Na san zai fara da dariya, ya ce a je a gaya wa Dada, ita ma Allah ya jiƙanta, cewa mai shan mai ta haihu. Amma ban jin dariyar za ta daɗe. Mutum ne da ya ɗauki mota abar hawa, kamar yadda saniya take abar tatsa. Da ya ji cewa masu sayen irinta yanzu ɗaki suke gina musu mai sanyi, su rufe, suna jiran farashi ya ƙara hawa, da ya ce an mayar da ita turken wawa. Da ya ga ɗan ma'aikaci mai digiri ba ya iya zuba mata mai, da ya fi jin ciwon wannan a kan komai. Garin ma da wuya ya gane shi: gonakin Tumfure sun zama gidaje, burtalin da yake bi ya shiga ruga an gine shi, makiyayan da ya sani sun yi nisa.

Nafi'u ya ƙi sayarwa kusan shekara guda. Duk wanda ya kira sai ya ce ta mahaifinsa ce. Ni ban matsa masa ba, mahaifiyarsa ma haka, alhali ɗakinta na yoyo, ƙanwarsa Rahma kuma ta sami gurbin karatun jinya ana neman kuɗin rajista. Sai ranar nan injin ya yi zafi a hanyar Kumo, aka jawo ta da igiya. Bulus ya buɗe, ya daɗe yana dubawa, ya ce masa, "Ɗana, zan iya gyarawa, amma kayan da take nema ya fi ƙarfin Kekenka, ya fi ƙarfin fanshon Bappanka Umaru. In ka bar ta a haka kuma, lalacewa za ta yi a hannunka." Bayan sallar La'asar Nafi'u ya same ni a gida ya ce, "Bappa, na gaji. Ka kira mutumin Legas ɗin."

Mutumin ya zo da kansa, matashi mai ladabi, da babbar motar ɗaukar motoci. Ko a lalace bai rage abin da ya taya ba. Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Ya leƙa ƙarƙashinta da tocila, ya shafa kujeru, ya ce ba a hanyoyinmu za ta sake yawo ba, akwai mai jiranta a ƙetare. Yara suka cika layi suna kallo ana jan ta sama da sarƙa. Adda Bilkisu ba ta fito ba. Da na shiga yi mata sallama na tarar da ita zaune a bakin gado, ta ce, "Umaru, lokacin da muke nema ina suke?" Daraja ta zo, amma ihu ne bayan hari.

An yi wa gidan sabon rufi, Rahma ta tafi makaranta, Nafi'u ya sayi Keke nasa na kansa da ɗan fili a bayan gari. Duk wanda ya ji ya ce an yi dabara, kuma gaskiya ne. Amma yaron ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Daga baya ya tambaye ni, "Bappa, da kuɗin nan a lokacin suka zo, da Baba ya rayu?" Na ce masa ajali ba ya jiran kasuwa, kwanan mutum in ya ƙare ya ƙare. Haka na yi imani, haka kuma na faɗa masa. Sai dai ni na riƙe hannun Hamma a makonnin da muka tsallake wanki, na san irin wahalar da ya sha, wadda kuɗi za su iya ragewa ko da ba su ƙara masa kwana ba. Wannan ban faɗa wa yaron ba, amma ina jin ya karanta a fuskata.

Nafi'u bai shawarci kowa ba ya ɗebi wani abu daga kuɗin ya je sashen masu ciwon ƙoda, ya nemi wanda ya fi kowa rashin gata. Aka nuna masa wani tela mai 'ya'ya huɗu. Ya biya masa wanki na wani lokaci, sadaka ga mahaifinsa. Telan ya ɗan farfaɗo har ya koma kan kekensa na ɗinki, sannan jiki ya sake rikicewa. Watan jiya Nafi'u ya je jana'izarsa, ya dawo ya ɗauki Kekensa ya fita aiki.

Idan na zauna ina auna abin da ya rage na Hamma Sa'idu, ba shi da yawa. Shanunsa sun tafi, filinsa wani ya gina, motarsa tana wata ƙasa a hannun wanda bai san sunansa ba. Abokan aikinsa suna ta raguwa, waɗanda suka maye gurbinsu ba su taɓa jin labarinsa ba. Ni kaina wasu ranaku sai na yi da gaske kafin muryarsa ta dawo mini. Abin da nake gani da idona shi ne ɗan da ya bari, wanda ya rabu da abin da ya fi so saboda uwa da ƙanwa, ya kuma nemi baƙo ya rage masa raɗaɗi alhali ya san yadda irin wannan jinya take ƙarewa. Ba ni na koya masa wannan ba.

Allah ya jiƙan Hamma, ya jiƙan telan da bai taɓa sani ba, ya sa wahalar da suka sha ta zama kaffara. Mu da muka rage, Allah ya kawo mana abin da muke nema tun muna da buƙatarsa.