Yaya Rabi, Nas Ɗin da Aka Rubuta Ogzilari

Shekara shida ke nan, a wannan watan, da rasuwar yayata Rabi a Enugu. Ina ajin ƙarshe na sakandare a lokacin. Yau lasisina na aikin jinya yana cikin akwati, wata biyu da fitowarsa. Na zauna da niyyar rubuta mata kalmomi masu taushi irin waɗanda suka dace da mamaci, sai na tarar fushi ne ya fi yawa a raina. Masu karatu su yi mini afuwa.

A unguwar Uwani ta Enugu aka haife mu. Yaya ce mace ta farko a layinmu da ta shiga makarantar koyon jinya. Ta yi shekara uku, ta ci jarrabawa, ta samu rajista. Daga nan ta shiga yawon neman aiki, kuma duk inda ta miƙa takardunta tambaya ɗaya ce: kina da dabul? Wato rajistar jinya haɗe da ta ungozoma. Mai rajista ɗaya rabin nas ce a idonsu. A nan a ce mata ba 'yar jiha ba ce. A garin kakanninmu can Arewa, inda ba ta taɓa kwana goma a jere ba, a ce ta jira.

Ƙarshe wani likita mai asibitin kuɗi ya ce ba shi da gurbin nas, amma yana neman ogzilari. Ogzilari ita ce yarinyar da likita ya koya wa allura da gyaran gado a asibitinsa, ba makaranta, ba lasisi. Yaya ta karɓa. Ta ce mana wata shida kawai za ta yi, kafin ta tafi karatun ungozoma. Shekara huɗu ta yi.

Aikin nas take yi cif. Ita ke sa ƙarin ruwa, ita ke wanke ciwo, ita ake kira idan jijiyar jariri ta ƙi samuwa. Amma shuɗiyar riga take sawa, ba fara ba, kuma ba ta da iznin rubutu a fayil ɗin majinyaci. Sai ta rubuta a guntuwar takarda, wata ta kwafe ta sa hannu. Matan Hausawa suka cika asibitin nan saboda ita, don tana jin Hausa da Ibo da Turancin broka, kuma ba ta yi wa mai naƙuda tsawa. Sau biyu makarantar ungozoma ta ɗauke ta. Na farko likitan ya lallashe ta da alkawarin farar riga a ƙarshen shekara. Na biyu ya zo ne bayan ta yi aure, tana da ciki.

Awo take zuwa a wani asibiti kusa da gidan mijinta, Malam Sabi'u. Shi ya yanki katin. Da aka tambaye shi sana'ar matarsa, ya faɗi abin da yake gani kullum a katin aikinta, aka rubuta.

Wata safiya, cikin yana wata takwas, ta tashi da ciwon kai, fuska a kumbure, tana ganin walƙiya a idonta. Ta auna jininta a gida, ta ce mini in tare mana keke yanzu. Ni na raka ta. A teburin karɓar masu awo ta yi wa sistar da ke aiki bayani a natse. Ta faɗi yadda jinin ya hau, ta ce tana tsoron jijjiga, har ta ambaci allurar da ake yi. Sistar ta duba katin, ta dube ta, ta ce da broka, "Ogzilari, koya mana aiki kika zo yi? Je ki bi layi."

"Sista, ni ma nas ce. Ina da rajista."

"Katinki bai ce haka ba."

Muka zauna a benci. Kafin azahar jijjiga ta kama ta a jikina. Sai a lokacin aka yi ta gudu da ita. An ciro jaririyar da rai. Yaya ba ta farfaɗo ba.

Na san kwana ya ƙare, kuma yanzu da na yi karatun ba zan rantse cewa da an saurare ta da ta rayu ba. Amma na san abin da ya kamata a yi mata a wannan safiyar, ita ma ta sani, ta kuma faɗa da bakinta. Ko mai tallar tumatir ce ta zo da wannan bayani, ai a tashi tsaye ne. Ina jin haushin sistar. Na fi jin haushin likitan da ya ci moriyar iliminta shekara huɗu ya hana ta sunanta. Ina jin haushinmu mu 'yan gida, da muka riƙa ce mata aiki aiki ne. Malam Sabi'u har yau idan zancen ya taso sai ya miƙe ya bar wurin, alhali bai yi ƙarya ba, abin da aka rubuta ya karanta. Wani lokaci, Allah ya yafe mini, har ita nake jin haushi, don ta cika haƙuri.

Da za ta leƙo yau, me za ta gani? 'Yan ajinmu suna ta muhawara a waya: a koma makaranta shekara ɗaya da rabi a yi dabul, ko a kama abin da ya samu. Ƙawata Nkechi ta kama, ta ce zaman gida ya ishe ta, kuma ban ga laifinta ba. Sunan ogzilarin ma an gyara shi, yanzu mataimakiyar jinya ake cewa, rigar dai tana nan shuɗiya. Dabul ɗin ma ba tabbas ba ce, don na san mai rajista biyu da ke wannan aikin. Ina zargin da na tambayi Yaya, cewa za ta yi in karɓa in taimaki Baba, wata shida kawai.

Ni ma an yi mini tayin, a wani asibiti wajen kasuwar Kenyatta. Baba ya tsufa, ƙafafunsa suna kumbura, kuma har yanzu shi kaɗai ke zama a rumfarsa ta wake a kasuwar Ogbete. Ya ce in riƙe na shekara ɗaya. Ban iya musa masa ba. Wata Litinin na je na ce wa mai asibitin zan yi aikin a kan albashin da ya faɗa, in dai zai rubuta nas a takardar ɗauka da katin aiki. Ya yi dariya, ya ce akwai irina da yawa suna jira a waje. Na karɓi takarduna na wuce na sayi fom ɗin makarantar ungozoma.

Na yi ta auna abin da ya rage na Yaya a duniya. Babu fayil ko ɗaya a garin nan da ke ɗauke da sa hannunta. Akwai 'yarta, akwai yaran layinmu da iyayensu ke cewa hannun Rabi ne ya cece su, akwai kuma ni, da na koyi aikin daga wurinta amma na kasa koyon haƙurin. Allah ya jiƙanta, ya sa aikin da aka ƙi rubuta mata a nan ya zama an rubuta mata a can.

Da yammacin ranar da na sayi fom ɗin na durƙusa na gaya wa Baba abin da na yi. Ya murza gwiwarsa. Sannan ya ce, "To, uwata. Gobe ki biyo ni kasuwa ki auna wake har makarantar ta kira ki." Sati biyu ke nan ina riƙe da mudu.