Hotona da Kallabi

Duk abin da zan manta a zaman aurena, ban da shekarar da maigidana ya zama babban mai zane. Kafin nan sana'arsa a Bodinga zanen zaki da dawisu a bayan manyan motoci, muna ci muna sha lafiya. Sai wani direba ya ba shi tsohon kaset na wani fim baƙi da fari, wanda ko sunansa ba mu sani ba, balle yaren da ake yi. Wani mai zane ne a ciki, gashi buzu-buzu, yana zana wata mata. Ya daka mata tsawa, ta yi kuka, ya yaga zanen, su sake.

Maigida ya kalla har kaset ya fara shaƙewa. Ya daina aski, ya koyi dogon tsaki, ya sallami direbobi wai ba su san fasaha ba. Rannan ya ajiye mini kujera a tsakar gida.

"Zauna nan. Ke ce ruhin aikina."

"Maigida, ruhin aikinka ta ɗora tuwo."

"Ki yi fuskar baƙin ciki."

Wannan kam bai yi mini wuya ba, don buhun geronmu ya kusa ƙasa. Damina guda ina zama, wuyana ya sage, miya tana ƙonewa. In na motsa ya yi jifa da buroshi kamar na fim, sai dai shi yakan je ya ɗauko, tunda guda ɗaya gare shi. Bai taɓa bari na leƙa allon zanen ba.

Ranar sunan ɗan yayana a Shagari ya ɗauki allon a babur, ya tara dangina, ya yaye zanin da ya rufe shi. Kakata ta matso da sandarta, ta ƙura ido, ta dubi allon, ta dubi maigida.

"Angona, wanga ai kai na. Mi ya sa ka ɗaura kallabi?"

Na duba. Hancinsa ne, da kunnuwansa masu kama da faifai. Nawa a wurin kallabin kawai. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki, shi kuma ya ce mutanen ƙauye ba su waye ba. Amma da sassafe na ji shi yana tambayar wani direba ko motarsa na son zaki.

Tun daga lokacin na gane, mutum na iya wuni yana kallonki alhali kansa kawai yake gani.